Ɗakin da Kaka Ta Zaɓa

Litinin, 6 ga Janairu, da yamma. Prag.

Mun iso. Ƙafafuna sun kumbura a jirgi, na Kaka sun fi nawa.

Mu huɗu ne: ni da Baba da Gwaggo Myongsuk, yayarsa, da Kaka. Tikiti biyar aka saya tun bara, amma Mama tana garin Gunsan wajen mahaifiyarta tun watan jiya. Baba ya ce hutawa take yi. Ban tambaya ba.

Tafiyar ta Kaka ce. Za ta cika shekara tamanin ran ashirin ga wata, kuma Baba da Gwaggo sun daɗe suna adashi don su kawo ta Turai, gari uku: Prag da Viyana da Budapest. Ni kuma na gama firamare, shi ne aka ce in zo in riƙa kwana da ita, tunda dama a gida ɗakinmu ɗaya.

A filin jirgi na je sayo ruwa, da na dawo suna magana ba su gan ni ba. Gwaggo ta ce an kira ta daga gidan kula da tsofaffin nan, za a samu gurbi ƙarshen wata, in ba mu karɓa ba wani za a ba. Baba ya ce, "Yaya, mu ga yadda za ta yi a tafiyar nan tukuna. In ta yi lafiya lau, gida za ta koma." Gwaggo ta ce, "In ba ta yi ba fa?"

Za ta yi lafiya lau. Ni ce nake kwana da ita.

Gwaggo ce ta kama mana ɗakin nan ta waya. A hoto yana da faɗi da haske. An rubuta hawa na uku, ashe su nan ba sa lissafa na ƙasa, kuma babu lif. Baba ya goya Kaka har sama, yana haki. Tana bayansa tana ce masa, "Gitae, ka yi teɓa amma ba ka yi ƙarfi ba." Gwaggo tana biye da akwati tana cewa, "Da araha dai, ku tuna da wannan."

Da muka shiga Kaka ta tsaya a tsakiyar ɗaki da jakarta a hannu. Ta taɓa bango, ta leƙa bayan labule, sannan ta ce, "Nan ne?" Baba ya ce, "Nan ne, Umma." Ta gyaɗa kai, ba ta ajiye jakar ba.

Talata, 7 ga Janairu, da safe

Ta ƙi hawa gado. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana a kan tebur ba. Na shimfiɗa mata barguna biyu da kwat ɗin Baba a ƙasa, amma sanyi yana ratsowa. A gida ko a tsakiyar hunturu ƙasan ɗakinmu ɗumi gare shi, don ta ƙarƙashi ake ɗumama shi, har ta kan sa mini kayan makaranta a ƙarƙashin shimfiɗa su yi zafi. Nan ta dafa daɓen ta ce, "Wane irin gida ne wannan, ƙasansa a mace?"

Sai ta ce, "Kwikwiyona, zo ki kwanta a bayana." Haka take kirana tun ina ƙarama. Na kwanta. Ƙashin bayanta yana sukana, ban motsa ba.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan abincin rana

Mun je wata gada mai gumaka. Mutane cunkus. Wata mata ta miƙo mini wayarta in ɗauke ta hoto, na kasa ko ɗaga ido, sai Baba ya karɓa. Kaka ta ci wani burodi mai sukari ta ce ya fi na kasuwarmu, ta yi dariya sukari ya maƙale mata a haɓa. Na so Gwaggo ta gani, amma tana duba waya tana neman mana wurin kwana a Viyana, wanda ta kama da farko ya ƙara kuɗi.

Sau biyu Kaka ta kira ni Myongsuk. Daga ni sai ita ne, na amsa.

Alhamis, 9 ga Janairu, da sassafe

Na samu silifas ɗinta a cikin firji. Na fitar kafin kowa ya tashi.

Juma'a, 10 ga Janairu, da yamma. Viyana.

Wurin nan ba zai yiwu ba, ko ni na sani. Ɗaki ɗaya ne mai gadaje sama da ƙasa, kuma ba mu kaɗai ba ne, akwai samari biyu Turawa. Ɗaya yana kwance a kan gado da takalminsa. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Nan ne? Da mutane kuwa." Ta je ta tsaya a kansa har ya cire takalmin don kansa, ta kwashe nasa da na abokinsa ta jera a waje. Ta ce masa, "Uwarka ba ta koya maka komai ba, dogon banza?" Bai ji ko kalma ɗaya ba, ya tashi ya rusuna mata yana murmushi. Na so in nutse.

Baba da Gwaggo sun fita barandar ciki, amma ƙofar ba ta rufuwa sosai.

"Yaya, tsohuwa mai shekara tamanin kika kawo ɗakin 'yan yawon duniya?"

"To ɗan gatan Umma, kawo kuɗin otal mana. Ni nake kwana a kan waya ina nema, kai sai dai ka zo ka yatsina fuska."

"Ai na ce miki mu sauka a minbak, gidajen baƙi na mutanenmu."

"Mu tsallako rabin duniya mu zo mu ci shinkafa da 'yan garinmu? Kuma kai komai sai ka ce a bari a gani. Haka ka yi ta ce wa matarka, ita kaɗai tana fama da Umma safe da yamma, kai kana ofis, har sai da ta..."

"Yarinya tana ji."

Na sa abin jin waƙa a kunne, ban kunna komai ba.

Asabar, 11 ga Janairu, da rana

Mun koma wani wuri. Na wata tsohuwa ne, Frau Haslinger, tana zaune a ɗakin da ke kallon namu. Gwaggo ta samo shi da sauƙi don a bayan gari yake, sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari. Daɓen katako ne, yana ƙara in an taka, amma bai kai na Prag sanyi ba, kuma akwai tukunya. Matar ta zagaya da mu tana nuna komai da yatsa. Kaka ta bi ta a baya tana rusunawa fiye da kima.

Da ta fita Kaka ta jawo ni ta ce a kunnena, "Ita ce shugabar wurin?" Na ce mai gidan ce. Ta ce, "Fuskarta ba wasa. Amma da tsabta."

Lahadi, 12 ga Janairu, da yamma

Yau lafiya. Kaka ta dafa shinkafa a tukunya ba ta ƙone ba. Ta ninke kayan kowa. Ta goge taga. Gwaggo ta ce, "Umma, hutu kika zo, ki zauna mana." Ta ce, "A irin wuraren nan in suka ga mutum yana da amfani sun fi riƙe shi da kyau." Gwaggo ta yi dariya, Baba ma.

Na lura Baba yana kallonta yana jin daɗi. Saura kwana kaɗan.

Litinin, 13 ga Janairu, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Baba da Gwaggo sun fita sayen tikitin jirgin ƙasa, suka bar ni da ita. Bayan mun ci abinci barci ya ɗauke ni a kujera. Ƙarar ruwa ce ta tashe ni.

Tana banɗaki, ta naɗe wando har gwiwa, tiyon shawa a hannunta. Ta wanke bango, ta wanke masai, tana fesa ƙasa, kamar yadda take yi a gida duk Litinin. A gida ruwan sai ya gangara rariya shi ke nan. Nan tana ta laluben ƙasa da ƙafa tana cewa, "Ina suka sa rariyar?" Babu rariya. Ruwa ya tsallake dokin ƙofa ya malale a kan katako har ƙarƙashin gado.

Na kashe famfo. Na canza mata wando da safa, na zaunar da ita gaban talabijin, na sa jiƙaƙƙun kayanta a ƙasan jakata. Na kwaso tawul duka na hau tsane ruwa.

Aka buga ƙofa. Mutumin da ke ƙasanmu ne da Frau Haslinger, yana nuna mata hoton silin ɗinsa a waya, ruwa yana ɗiga a kan teburinsa. Suna ta yi mini magana. Na tsaya da tawul a hannu ina kallon ƙafata. Ko Turancin da aka koya mana a makaranta bai zo mini ba.

Da su Baba suka dawo na ce ni ce. Na ce na so in wanke banɗaki, na manta ba irin namu ba ne.

Gwaggo ta ce, "Ke? Ke da ko kofin da kika sha shayi ba kya wankewa?"

Na ce ni ce.

Baba ya yi ta rusuna wa matar yana ba da haƙuri da waya mai fassara. Da suka tafi ya zauna kusa da Kaka. Ta cire safar da na sa mata, yatsun ƙafarta duk sun yi fari sun yamutse. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ɗauki safar ya mayar mata.

Talata, 14 ga Janairu, da rana

Matar ta ce mu tashi gobe. Kuma ta rubuta abin da ya faru a ƙarƙashin sunan Gwaggo a shafin da ake kama ɗaki, inda duk masu gidaje ke gani. Kafin rana ta yi tsaka mai ɗakin Budapest ya turo cewa ya fasa.

Gwaggo ba ta yi mini magana. In tana son gishiri sai ta ce wa Baba, "Ce wa mai wankin banɗaki ta miƙo."

Gara haka.

Laraba, 15 ga Janairu, wajen la'asar. Tashar jirgin ƙasa.

Tun safe muna nan da akwatuna. Baba da waya, Gwaggo da waya. Wanda ke da araha yana can ƙarshen gari, ko kuma hawa na biyar babu lif. Wanda ke da lif ba a ma magana. Biyu sun amsa, da suka ga sunan Gwaggo suka janye. Kowa ya zo wucewa sai ya kalle mu.

Kaka tana zaune a kan babban akwati, hannayenta a cikin aljihuna don sanyi. Ta ce, "Kwikwiyona, korarmu aka yi?" Na ce a'a, lokacinmu ne ya cika. Ta ce, "Na ɗauka ta ji daɗin aikina."

Gwaggo ta ajiye waya a cinya, idonta ya yi ja. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce wa Baba, "Kira minbak ɗin naka." Bai tsokane ta ba. Ya kira wani minbak a Budapest, muryar matar da ta ɗauka har inda nake ina ji.

"Da tsohuwa? A tasha, cikin sanyin nan? Kai wane irin ɗa ne? Ku hau jirgi ku taho, ɗalibai biyu sun tashi jiya. Kun ci abinci?"

Alhamis, 16 ga Janairu, da rana. Budapest.

Tun daga matakala na ji ƙamshin miyar daddawar waken soya. A bakin ƙofa takalma ne jere a kan katako, ga silifas na baƙi. Mai gidan sunanta Om, amma kowa Inna yake ce mata. Gajera ce, muryarta kamar tana kiran jirgin ruwa, 'yar bakin teku ce daga Tongyong. Ta kalli gadon da ke ɗakinmu, ta kalli Kaka, ta ce wa Baba, "Ja shi gefe." Ta kawo shimfiɗa mai ɗumi ta lantarki ta baza a ƙasa.

Kaka ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kai. Ta daɗe a haka. Ta ajiye jakarta a kusurwa ta kwanta, ba ta farka ba sai yanzu da rana ta yi.

Da Inna take nuna mana banɗaki na ga rariya a ƙasa. Na tsaya ina kallo, sai Gwaggo ta ba ta labarin Viyana tana nuna ni da baki. Inna ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, "Don wannan kuka tsangwami yarinya? Ai duk ɗan ƙasarmu sai ya yi sau ɗaya. Ni a watana na farko na yi. Wani malamin jami'a ya yi mini a nan, shi ya sa na sa aka fasa mini wannan. Mutanen nan ban san yadda suke wanke banɗakinsu ba, da tsumma wai."

Da muka zauna cin abinci Gwaggo ta ɗora mini kifi a kan shinkafa. Ba ta kalle ni ba, amma ta ɗora.

Kowa yana yi. Har malamin jami'a. Ke nan ko da an sani ma ba wani abu ba ne.

Juma'a, 17 ga Janairu, da yamma

Kaka ta ƙi fita yawo. Ta shiga kicin ta zauna tana gyaran tsiron wake da ɓare tafarnuwa, ita da Inna suna musu a kan kimchi, kabejin nan namu mai yaji da tsami. Inna ta ce na mutanen tudu ba shi da ɗanɗano, Kaka ta ce na bakin teku ƙarnin kifi ne kawai da gishiri. Inna ta ce, "Kaka, a gidana kike fa." Kaka ta ce, "Shi ya sa nake gaya miki gaskiya." Ɗaliban da ke ɗakin gaba duk Kaka suke kiranta, ɗaya har da matsa mata kafaɗa.

Gwaggo ta lissafa ta ga da abincin safe da na dare nan ya fi ko'ina sauƙi. Baba ya ce, "Wa ya ce ba mu tsallako rabin duniya don mu ci shinkafa ba?" Ta jefe shi da ɓawon lemo.

Asabar, 18 ga Janairu, da safe

Jiya ba ta kira ni da sunan kowa ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, da rana

Mama ta kira. Na shiga banɗaki na rufe. Ta tambaya ko ina cin abinci, ko kwat ɗina yana isata. Ta ce ta saya mini kayan sabuwar makaranta, siket ɗin ya yi tsawo za ta rage. Na ce yaushe za ta koma gida. Ta ce, "Dasom, kina barci kuwa?" Na ce ina yi. Ta ce, "Kar ki yi abin da na yi."

Har za ta kashe ta ce, "Tana shan maganinta?" Na ce tana sha. Na ce mata Kaka ta warke sosai, ko mantuwa ba ta yi. Mama ta ce, "To."

Litinin, 20 ga Janairu, da rana

Yau ne.

Inna ta tashi da wuri ta yi miyar ganyen teku da nama, ta haɗa tebur biyu a falo, ta kira ɗaliban. Gwaggo ta sa wa Kaka rigar da ta ɓoyo a akwati, mai ruwan hoda. Baba da Gwaggo suka yi mata babbar gaisuwa, goshi har ƙasa, ni ma na yi. Ɗalibai suka yi waƙa. Kaka ta shanye miyarta, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, Inna ta ce ranar haihuwarta ce ta yafe.

Sai Kaka ta ajiye cokali ta ce tana da magana. Muryarta tsaf, irin ta da.

"Gitae, Myongsuk, na gode. Kun sha wahala kuna zagayawa da ni. Na farkon sanyi, na biyun maza da mata a ɗaki ɗaya, na ukun ba su karɓe ni ba. Wannan ya yi mini. Kar ku ƙara neman wani."

Baba ya ce, "Umma, ai nan ne na ƙarshe, ranar Alhamis za mu koma."

"Ku dai za ku koma. Na ji ku kuna ta neman mai araha, ban ga laifinku ba. In nan ya yi tsada ku gaya wa shugaba zan riƙa aiki." Ta juya wajen Inna. "Ina da ƙarfina. A wancan wurin ni na wanke musu banɗaki tas, bango da ƙasa, ko gode ba su yi ba. Tambayi yarinyar nan, ita ta canza mini wando."

Ɗalibin nan mai matsa kafaɗa ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Kai kuma ka je Gunsan ka ɗauko maman Dasom. Ka ce mata na samu wuri mai kyau, ƙasansa da ɗumi. Ta dawo ɗakinta."

Baba ya tashi ya fita, da silifas ɗin baƙi a ƙafarsa. Gwaggo ta kalle ni. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta miƙo hannu ta gyara mini gashin da ya rufe mini ido, ta tashi ta shiga ɗaki.

Inna ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Kaka, ƙara miya?"

Litinin ɗin dai, da yamma

Ba na son rubuta komai.

Talata, 21 ga Janairu, da rana

Baba ya ce in raka shi sayen burodi. Ba mu sayi burodi ba. Muka zauna a benci a bakin kogi, iska tana yanka kunne.

Ya ce, "Ban da banɗakin, sai me?"

Na ce babu.

Ya ce, "Dasom."

Na gaya masa silifas ɗin cikin firji. Na gaya masa yadda ta kira ni da sunan Gwaggo. Na gaya masa na gida ma, murhun gas da na kashe, da ranar da na same ta a tashar mota da rigar barci tana jiran Kakana da ya rasu tun ban shiga makaranta ba. Ina faɗa ina jin kamar ina tura ta daga bene. Na ce amma nan ta warke, ya gani da idonsa, in aka samu ƙasa mai ɗumi da mutane tana warkewa. Na ce zan riƙa dawowa daga makaranta da wuri, ba sai na shiga darasin yamma ba.

Ya cire safar hannunsa ya sa mini a kan tawa. Ya ce, "Shekararki goma sha uku."

Na ce na kusa sha huɗu.

Laraba, 22 ga Janairu, da yamma

Kaka ta kwashe kayanta daga akwati ta jera a durowa. Na mayar, ta sake fitarwa. Ta ce in riƙa zuwa ranar Lahadi in ban da karatu, kuma in kawo mata matashinta na gida.

Gwaggo ta daɗe a baranda tana waya. Na ji ta ce, "E, za mu karɓi gurbin."

Alhamis, 23 ga Janairu, da rana. Filin jirgi.

Da safe ta ƙi sa takalmi. Ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe katakon takalman da hannu biyu. Ta ce wa Inna, "Me na yi? Don na ce gishiri ya yi yawa ne? Ba zan ƙara ba." Inna ta durƙusa gabanta ta ce, "Haba Kaka, wa zai kore ki? Hutu na ba ki. Ki je ki ga gida, tafarnuwa tana jiranki." Da kanta ta sa mata takalmin. Ta cusa mini ƙunshin shinkafa a aljihu, ta juya ta shiga kicin ba ta raka mu ƙasa ba.

A cikin tasi Kaka ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Nan ma ba su karɓe ni ba." Na ce sun karɓe ki. Ta ce, "Kar ki gaya wa babanki, zai ji kunya." Baba yana gaba, ya ji.

Yanzu tana barci a kujera, kanta a kafaɗar Gwaggo. Ɗazu Baba ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce ranar Asabar zai je ya ga gidan tsofaffin can kafin a kai ta, ko zan bi shi. Ya ce, "Ni da Gwaggonki hoto kawai muka iya dubawa. Ke ki duba mata." Na ce in ƙasan da sanyi fa? Ya ce sai mu nemi wani. Na ce in sun ce dole ta hau gado fa? Ya ce sai in gaya musu.

Ban taɓa gaya wa baƙo komai ba. Na ce to.

Mama ta turo saƙo. Za ta zo tarbarmu a filin jirgi, daga nan gida za mu wuce tare, ta riga ta kai kayanta.

Na ji daɗi. Na yi ƙoƙari kar in ji, na kasa.